Makarantar da ke Bayan Uwa



Mun san cewa wasu daga cikinku sun yi murmushi da suka ji abin da za mu yi magana a kansa yau, watau waƙa da rawa da wasa tsakanin iyaye da ƙananan 'ya'yansu. Sun ɗauka wannan zancen mata ne a tsakar gida, bai kai a kawo shi zauren jami'a ba. To, muna roƙon ku ba mu aron kunnuwanku na ɗan lokaci, domin kuwa yawancinmu nan da 'yan shekaru kaɗan za mu zama iyaye, wasunmu ma sun riga sun zama.

A manyan biranen duniya akwai azuzuwan da uwa ko uba ke zuwa da jariri ko ɗan yaye sau ɗaya a mako, a zauna a da'ira, a yi waƙa da tafi, a riƙa jijjiga yaro daidai da kiɗa, kuma a biya kuɗi a kan haka. A Amurka, wani tsari mai suna Music Together ya fara a garin Princeton a 1987. Kafin wannan, Carl Orff na Jamus ya buɗe makaranta a Munich a 1924 tare da Dorothee Günther, inda aka haɗa kiɗa da motsa jiki wuri ɗaya. Zoltán Kodály na ƙasar Hangare kuwa, ƙauyuka ya shiga tun wajen 1905 yana tattara waƙoƙin manoma, daga baya ya dage cewa da waƙoƙin harshen uwa ya kamata a fara tarbiyyar yaro. Ku lura da wannan: mutumin da duniya ke koyi da shi, wurin tsofaffin ƙauye ya je ɗaukar karatu.

Me masu bincike suka gano? A 2005, Jessica Phillips-Silver da Laurel Trainor na Jami'ar McMaster da ke Kanada suka gwada jarirai 'yan wata 7. Suka kunna musu kiɗa iri ɗaya, amma wasu ana jijjiga su a kowane bugu na biyu, wasu a kowane bugu na uku. Bayan haka sai kowane jariri ya fi karkata ga sauraron kiɗan da ya yi daidai da yadda aka jijjiga shi. Ashe jariri da jikinsa yake fara jin kiɗa. A 2003 kuma, Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington suka sa Sinawa su riƙa wasa da jariran Amurka 'yan wata 9 suna yi musu Sinanci. Jariran suka iya rarrabe sautukan harshen. Waɗanda aka nuna wa mutanen nan a talabijin kuwa, ko aka kunna musu muryarsu kawai, ba su koyi kome ba. Sai da mutum mai rai, ido cikin ido.

Yanzu mu dawo gida Sakkwato. Duk abin da aka lissafa ɗin nan, wanne ne ba mu gada ba? Ɗan Bahaushe tun yana jinjiri yana bayan uwa. Tana daka yana jin lugude a ƙirjinsa, tana tankaɗe yana rausaya, tana tafiya yana jin takunta. In ya yi kuka a yi masa waƙar raino, in ya yi dariya a ɗaga shi ana yi masa tawai ana kirari. Da ya fara tatata a kama hannuwansa biyu ana waƙa yana ɗaga ƙafa. In ya tasa, 'yan mata su shiga gaɗa a dandali, maza su yi langa, da azumi kowa ya fita tashe. Ga kiɗan ƙwarya da shantu a wurin biki, yaro na gefe yana kallo yana kwaikwayo. Kada mu manta kuma Hausa harshe ne mai karin sauti, mai dogon wasali da gajere, inda ɗaga murya ko sauke ta ke sauya ma'anar kalma. Yaron da aka raina da waƙa, nahawun harshensa ake cusa masa tun bai san kansa ba.

Wannan gari ya daɗe da sanin darajar karantarwa da waƙa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara ilimi cikin waƙoƙi, ta naɗa jajoji ta ba su malfa, suka riƙa jagorantar 'Yan Taru suna kai karatu ƙauyuka a baka. Marigayi Shehu Shagari, lokacin da yake malamin makaranta, ya tsara Waƙar Nijeriya domin yara su haddace labarin ƙasa da tarihi cikin sauƙi. Ba baƙon abu muke kira zuwa gare shi ba.

To, ina matsalar take? Ga ta nan, kuma mu 'yan boko ta fi shafa. A al'adarmu akwai kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, uba ma ya kan kau da kai. Wannan al'ada ba ta cutar da yaro a babban gida ba, saboda akwai kaka da goggo da inna da abokiyar zama da 'yar raino, hannaye goma suna jiran su ɗauke shi. Abin da uwa ta ji nauyin yi, kaka ta yi shi har da ƙari. Amma matashin ma'aikaci ya bar gidan gado a cikin gari ko a ƙauye, ya kama haya a Arkilla ko Gawon Nama ko Mabera, daga shi sai matarsa, wataƙila ita ma tana aiki. Kunyar ta biyo su sabon gida, kakar kuwa an baro ta a baya. Wa zai yi wa yaron waƙa? Sai a miƙa masa waya ya yi shiru. Yaro ya yi shiru, mu kuma mu ce ya yi hankali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da jaririn da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini. Ta ce yaro daga shekara 1 zuwa 4 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 180 kullum. Kowannenmu ya auna gidansa, ko gidan yayansa, da wannan ma'auni.

Wani zai ce yana gudun kiɗa saboda addini. Muna girmama wannan, kuma hukuncin kayan kiɗa mun bar wa malamai. Amma abin da muke magana a kai ba ya bukatar ganga ko kalangu. Murya da tafi da cinyar uba sun isa. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, kuma ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya yi mamaki domin shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Aka nuna masa cewa jinƙai ne ya rasa. Saboda haka namijin da ke ganin wasa da ɗansa zubar da girma ne, sai ya sake tunani.

Abubuwa uku muke ba da shawara. Na farko, kowane uba da kowace uwa su ware ko da kwata na awa kullum, bayan magariba ko da hantsi, a ajiye waya, a ɗora yaro a cinya, a yi masa waƙa da harshen gida. Rashin daɗin murya ba uzuri ba ne, domin wurin jariri babu zabiyar da ta kai uwarsa. A cikin ɗaki kuwa babu surukin da za a ji wa kunya.

Na biyu, mu ɗalibai, in mun je hutu, mu zauna gaban kakanninmu mu naɗi waƙoƙin raino da na gaɗa daga bakinsu, mu rubuta sunan garin da yadda ake motsin kowace waƙa. Wayar da ta raba mu da yara sai ta biya diyya ta wannan hanya. A kawo abin da aka tara ga malaman Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko a kai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, domin duk tsohuwar da ta rasu da waƙoƙinta a ciki, ba mai tono su.

Na uku, a unguwannin ma'aikata, iyaye mata biyar ko shida su riƙa haɗuwa a gida ɗaya sau ɗaya a mako tare da 'ya'yansu, su gayyato dattijuwa guda ta zama jajinsu, ta koya wa iyaye da yara tare. Tabarma kawai ake bukata da ƙwarya, sai ɗan goron da za a ba Inna. Masu koyon aikin malanta a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari za su sami darasi a irin wannan zama wanda babu shi a littafi.

'Yan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna ta kukan taɓarɓarewar ilimi a firamare da sakandare, alhali makarantar farko, wadda ba ta bukatar kasafin kuɗi ko amincewar kwamishina, mu ne muke rufe ta da hannunmu. In muka yi sake, nan gaba wani zai zo daga nesa ya buɗe aji a Sakkwato, ya sayar mana da abin da kakanninmu ke bayarwa kyauta, mu kuma mu yi layi muna biya. Kowa ya koma gida yau, in akwai yaro a gidan, ya ɗauke shi ya gwada waƙar da aka raine shi da ita. In ya manta ta, ya tambayi tsohuwarsa tun tana da rai.

Allah ya raya mana zuriya, ya sa mu dace.