Gonarka na Mabai, kai kana Funtuwa: wa ka wakilta?

Yau maganar gona da gida za mu yi, da wanda muke bar wa su idan mun yi nisa.

Duk ɗan Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya san yadda rashin tsaro ya tarwatsa mu. Tun kafin a kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 mutane ke barin ƙauyuka, wasu Funtuwa, wasu Katsina, Zariya ko Kano. To mutum ya tafi, gona tana nan. Da kuɗin haya ko na asibiti ya taso, sai a ɗauki waya: "Wane, ka sayar mini da ita."

Haka baffana ya yi da gonarsa ta Mabai. Amininsa na ƙuruciya ya wakilta, kuma wallahi mutumin nan bai ci ko kwabo ba. Amma baffa bai yanke masa farashi ba. Mai saye ya san a matse ake, ya taya da araha, wakili ya sallama. Bayan an gama sai gwaggona ta ce ai gonar gado ce, ba a raba ba, da rabonta a ciki. Yau ga shi gona ta tafi, zumunci ya yi tsami, bawan Allah nan kuma kunyar zuwa gidanmu yake ji.

Ku fahimce ni, wakilci halal ne. A Bukhari an ruwaito Annabi (SAW) ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo masa akuya. Kuma malamanmu na Malikiyya sun ce wakili amintacce ne, iyakarsa abin da aka ba shi izini. Kun ga ke nan in ba ka fayyace ba, kai ka jefa shi cikin matsala.

Don haka kafin ka ce "sayar", tara magada tukuna, har da mata, kowa ya yarda ko a raba. Sannan a rubuta takardar wakilci: wace gona, iyakokinta, farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, la'adar wakili nawa, da ranar da wakilcin zai ƙare. A sa shaidu biyu, mai unguwa da dagaci su sani. Ranar ciniki ka yi magana da mai saye da bakinka ta waya, kuɗin kuma ya faɗa asusunka na banki kai tsaye. Kar a manta da dokar filaye ta 1978: filin da ke da takardar gwamna sai da amincewar gwamna zai canja hannu, na karkara kuma sai da ta ƙaramar hukuma.

In ma buƙatar ba ta kai wuya ba, ka duba ba da haya. Farashin da tsoro ya karya yau, ba shi ne farashin gonarka ba ranar da aka samu lafiya.

Mu matasa da muka yi karatu, wannan aikinmu ne. Iyayenmu na jin nauyin cewa amini ya sa hannu a takarda. Mu zauna da su, mu nuna musu takardar nan mutuncin aminin take karewa kafin dukiyar.

Allah ya maido mana da zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.