Tutar Lardin Kebek: Asalinta da Ma'anarta

Yau zan ba ku labarin tutar wani lardi na ƙasar Kanada, wanda a ke kira Kebek. Ita Kanada tarayya ce ta larduna goma, ko wanne da Firimiyansa da Majalisar Dokokinsa, ko wanne kuma da tutarsa. Amma Kebek ya fita dabam, domin yawancin mutanensa Faransanci su ke yi, alhali kuwa Ingilishi ya rinjaya a sauran larduna. Wanda bai san wannan ba, ba zai gane abin da tutar nan ke faɗi ba.

Ga kamanninta. Shuɗiya ce, da farin gicciye wanda ya raba ta gida huɗu. A cikin ko wane gida akwai farin fure guda mai kunne uku, wanda Faransawa ke kira fleur-de-lis. Daga sunan furen nan ne tutar ta sami nata suna, watau Fleurdelisé.

To, ina asalin waɗannan alamu? A shekarar 1608 wani Bafaranshe, Samuel de Champlain, ya kafa garin Kebek a bakin kogin Saint-Laurent. A zamanin nan jiragen ruwan fataken Faransa shuɗiyar tuta mai farin gicciye su ke ɗaurawa, furen kuwa tambarin sarakunan Faransa ne. Sai dai na sarakuna launin zinariya ne, na Kebek fari ne. Farin yana nufin tsarki, shi da shuɗin kuma suna tuna wa mutanen da Maryamu, uwar Annabi Isa, domin yawancinsu 'yan ɗarikar Katolika ne.

Faransa ta yi wajen shekara 150 tana mulkin ƙasar, sa'an nan yaƙi ya tashi tsakaninta da Ingila. Ran 8 ga Yuli 1758 Janar Montcalm ya kori rundunar Ingila a ganuwar Carillon, ko da ya ke sun ninka mutanensa wajen sau huɗu. Murnar ba ta daɗe ba. A 1759 Ingilishi suka ci garin Kebek, Montcalm ya rasu a wannan yaƙi, a 1763 kuma Faransa ta sa hannu ta sallama ƙasar. Faransawan da suka saura suka zama talakawan Sarkin Ingila, amma suka riƙe harshensu da addininsu kam. Suka ajiye wata tsohuwar tuta wadda su ke ɗauka an kai ta yaƙin Carillon, su kan fito da ita ran bikinsu na 24 ga Yuni.

A 1902 wani limamin Katolika na ƙauyen Saint-Jude, mai suna Elphège Filiatrault, ya kwaikwayi wannan tsohuwar tuta, ya ƙara mata farin gicciye, ya sa mata suna Carillon. Furanninta suna kusurwa huɗu, sun karkata suna duban tsakiya. Jama'a suka karɓe ta hannu biyu, ana ɗaga ta wurin bukukuwa da taruka. Amma Hukuma ba ta san da zamanta ba. Tutar Ingila ce ke bisa hasumiyar Majalisa.

Abin da ya ingiza maganar shi ne, a 1946 wani kwamiti na Majalisar Tarayya a Ottawa ya ba da shawara a yi wa Kanada tuta wadda har yanzu ke ɗauke da alamar Ingila a kusurwarta. Mutanen Kebek ba su ji daɗi ba. Wani wakili mai zaman kansa, René Chaloult, ya dinga matsa wa Majalisar Kebek lamba a kan lardin ya yi tasa tuta, ƙungiyoyi kuma suka yi ta aiko da takardun roƙo. Aka sa ran 21 ga Janairu 1948 za a yi mahawara a kan shawararsa.

Firimiya Maurice Duplessis mutum ne mai dabara. Ya ga abin ya sami karɓuwa, bai kuwa so wani ya kwashe yabon ba. Da safiyar ran nan ya tara ministocinsa suka zartad da umurni, aka ce a miƙe furannin su tsaya sak. Da Majalisa ta zauna da ƙarfe uku na yamma, sai ya tashi ya shaida wa wakilai cewa an riga an sauke tutar Ingila, sabuwa tana bisa hasumiya. Shugaban 'yan hamayya, Adélard Godbout, ya goyi baya, Chaloult ma haka. A 1950 Majalisa ta tabbatad da ita da doka. Ita kuwa Kanada ba ta sami tutarta mai jan ganye ba sai ran 15 ga Fabrairu 1965, watau bayan shekara 17.

Kada ku ɗauka samun tuta ya kashe gardama. Sau biyu aka jefa ƙuri'a a kan ko Kebek zai kama hanyar fita daga tarayya. A 1980 wajen kashi 60 cikin 100 suka ƙi. A 1995 waɗanda suka ƙi ba su kai kashi 51 ba, saura ƙiris ƙasar ta tsage. Abin lura shi ne, masu son a ware sun yi ta ɗaga tutar nan, masu son a zauna su ma sun ɗaga ta tare da ta Kanada. Ba wanda ya yarda ya bar wa abokin gardamarsa ita, domin ta riga ta wuce mallakar jam'iyya.

Taken lardin, wanda aka sassaƙa bisa ƙofar Majalisa, ma'anarsa ita ce "Ina tunawa". Tun 1978 shi a ke rubutawa a jikin lambar motocinsu, ko wace shekara kuma ran 21 ga Janairu su kan yi Ranar Tuta. Saboda haka in kun ga shuɗiyar tuta mai farin gicciye da furanni huɗu, ku san ta mutanen da aka ci da yaƙi ce tun 1759, waɗanda har yau ba su saki harshen kakanninsu ba.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.