Jawabi Kan Babur Marar Lamba Ga 'Yan Kurfi Da Dutsin-Ma Mazauna Kumasi

 Kewar gida da nauyin zaman baƙunci abubuwa ne da kowa a wannan zaure ya ɗanɗana, saboda haka ba za a tsaya a kansu ba. Abin da ya tara jama'a shi ne labarin da ke ta isowa ta waya daga gida, na samari da ake tarewa a shingen bincike, a karɓe baburansu, wani lokaci a tsare su kwana da kwanaki, sa'an nan idan aka bi diddigi sai a tarar da kuɗin mutanen zangon Kumasi aka sayi babur ɗin, kuma tun ranar da ya bar shagon dila ba a taɓa yi masa rajista ba.

Wajibi ne a fara da yabo, domin jama'ar nan sun cancance shi. Mutumin da ya yi shekara yana dako a kasuwar Kejetia, ko yana fataucin albasa da goro, ya tsuke bakin aljihunsa har ya tara kuɗin Boxer sabo ya aika wa ƙanensa a Kurfi, ya yi abin da ya fi sadakar rana ɗaya, domin da wannan babur ne yaron zai yi acaɓa ya ciyar da iyaye, ya kai taki gona, ya ɗauki mai naƙuda zuwa asibitin Dutsin-Ma a wurin da mota ba ta shiga. Sai dai alherin kan tsaya rabin hanya. Ana kawo babur gida da ledarsa a kan kujera, a zagaya da shi dangi su sa albarka, a ninke rasiɗin dila a cusa cikin aljihun riga har gumi ya cinye rubutun, a bar wurin lamba fayau, ana cewa sai kaka ta yi. Kaka takan zo ta wuce, a shiga wata, babur yana yawo ba shi da suna a littafin kowa.

Abin da ake nufi da rajista shi ne a shigar da babur cikin kundin hukuma da sunan mai shi da adireshinsa, tare da lambar inji da lambar shasi, wato lambobin da masana'anta ke bugawa a jikin injin da kuma jikin ƙarfen da ke riƙe da babur ɗin, waɗanda ba a samun babura biyu da iri ɗaya. A Najeriya ofishin lasisi na hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ne ke wannan aiki, a ƙarƙashin tsarin lambobin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ƙasa ke kula da shi, sai a ba mutum lambar da zai maƙala da takardar shaidar mallaka da lasisin abin hawa da ake sabuntawa. Rasiɗin dila shaidar ciniki ce kawai, ba ta tsaya a madadin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A da sakaci da wannan ƙa'ida bai wuce ya jawo tara ba, amma ƙasar da iyayen wannan taro suka baro ta sauya, kuma sauyin daga daji ya fito. Yamma da Kurfi da Dutsin-Ma, ta ƙasar Batsari da Safana da Ɗanmusa, dajin Rugu ya miƙa har iyakar Zamfara. Gandun daji ne, ma'ana ƙasar da hukuma ta keɓe ta hana a sare ta ko a nome ta ba da izini ba, kuma ko ba don haka ba, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amanar jama'a, don haka hukuma tana da hurumin cewa ga inda za a bi, ga lokacin da za a bi, ga abin hawan da za a bi da shi. Da 'yan bindiga suka mai da dajin mafaka, babur ne ya zama dokinsu, saboda yana ratsa rafi da kwazazzabo da burtali, yana ɗaukar mutum uku da makamansu. A watan Mayu na 2019 rundunar sojan Najeriya ta haramta hawa babur a dazuzzukan jihohi bakwai, har da Katsina. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kuma a kan babura maharan suka zo. A ƙarshen watan Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar daƙile matsalar tsaro, wadda ta hana goyon mutum uku a babur, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da ta Dutsin-Ma, ta kuma rufe cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi. Ba a jima ba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Kurfi da Dutsin-Ma suna ciki, kuma babu wanda ke zaune a nan da ya manta makonnin da ya yi yana kiran lambar mahaifiyarsa ba ta shiga. An sassauta wasu daga cikin matakan daga baya, amma idon da ake kallon babur da shi bai koma yadda yake ba, kuma tun da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma a 2023 masu tsayar da mutum a hanyar ƙauye sun ƙaru.

A nan ne haɗarin da ya fi damun mai wannan jawabi yake. Sanannen abu ne cewa masu garkuwa da mutane sukan nemi sababbin babura a cikin kuɗin fansa, kuma suna da masu sayo musu, da masu kai musu mai, domin da ɗan gari akan ci gari. Jami'in da ke tsaye a shinge da almuru, ya ga sabon babur ba lamba ya nufo daga wajen yamma, ba shi da hanyar bambance ɗan halak da ɗan aike, kuma a irin wannan wuri kuskure yakan kai ga rai. Idan kuwa aka ƙwace babur ɗin a hanyar gona, aka yi ɓarna da shi, aka tsince shi daga baya, wanda ya yi rajista ya kuma kai rahoton sata yana da abin nunawa, wanda bai yi ba sai rantsuwa. Haka nan mai sayen na hannu don arha, ba tare da takardar canjin mallaka ba, yana iya sayen babur da jini a jikinsa bai sani ba. Gaskiya ne akwai masu kaki da ke matsa wa talaka ko da takardunsa sun cika, kuma wannan zalunci ne da ya kamata a kai kukansa inda ya dace, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kada a ɗauka Katsina kaɗai ke da irin wannan tsari. Jamhuriyar Nijar ta hana hawa babur a jihar Diffa a 2015, ta kuma yi haka a yankin Tillaberi a farkon 2020. Ko a Amurka, inda don shaƙatawa ake shiga daji da babur, Shugaba Nixon ya ba da umarni a 1972 cewa a tantance wuraren da aka yarda irin waɗannan ababen hawa su bi a filayen gwamnati, a 2005 hukumar gandun dajinsu ta wajabta taswirar hanyoyin da aka halatta, kuma a jihar Kalifoniya sai babur ɗin daji ya ɗauki tambarin rajista kafin ya taka filin jama'a. Su ciyawa da namun daji suke karewa, a ƙasar Katsina kuwa rayuka ne.

Abin da ya sa sakacin ya fi ciwo idan daga zango ya fito shi ne, babu al'ummar da ta san darajar takarda kamar wannan. Dattawan da ke zaune a sahun gaba sun ga watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Gana, aka bar shaguna da gidaje da bashi a hannun mutane. Jikokinsu ba sa fita ba da katin shaida ba, kuma babu mai abin hawa a cikinsu da zai yarda ya kwana lasisinsa ya ƙare. Bai dace mutumin da ke kiyaye doka haka a ƙasar wasu ya ɗora ɗan'uwansa a kan babur marar lamba a ƙasar haihuwarsa ba.

Saboda haka shawarar da ake gabatarwa ita ce, duk mai aika kuɗin babur ya haɗa da kuɗin rajista a aike ɗaya, ya saya a wurin dila sananne, a yi takardu da sunan wanda zai hau, a turo masa hoton lambar da na takardun kafin ya ce an gama. A sanar da mai unguwa cewa gidan wane sun yi babur, a hana bayar da aronsa ga wanda ba a san inda zai kwana ba, kuma matuƙi ya tambayi dokar da ke aiki a ƙaramar hukumarsa game da lokacin fita da iyakar daji, domin takan sauya. Wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. 'Yan ƙasar Maradin Katsina, wato Kurfi, da 'yan ƙasar 'Yandakan Katsina, wato Dutsin-Ma, sun daɗe kowa da asusunsa da ranar taronsa, alhali hanya ɗaya ce ta ratsa garuruwan biyu, shingayen da ke kanta kuma ba sa tambayar yaro gundumarsa. Ana roƙon ɓangarorin biyu su fitar da mutum uku-uku kafin a tashi daga zauren nan, su rubuta duk babur da aka aika gida daga Kumasi wanda har yanzu ba shi da lamba, a haɗa hannu a biya wa wanda ya gaza. Allah Ya zaunar da ƙasar Katsina lafiya, Ya sada kowa da iyalinsa cikin aminci.