Zaɓen Mongoliya na 2000 da Asarar Makiyaya

Yau za mu leƙa Mongoliya, ƙasar makiyaya tsakanin Rasha da Sin.

A hunturun 1999 zuwa 2000 ƙanƙara ta rufe ciyawa, dabbobi fiye da miliyan 2 suka mutu. Mu da muka ga farin 1984 mun san wannan ciwo. Ranar 2 ga Yuli 2000 aka yi zaɓen majalisar dokoki. Masu mulki, da suka yi firaminista huɗu cikin shekara huɗu, suka sha mugun kaye. Tsohuwar jam'iyyar gurguzu ta kwashe kujeru 72 cikin 76.

To amma sanyin ya dawo hunturu biyu a jere, dabbobi suka ci gaba da mutuwa a hannun sabuwar gwamnati.