Asusun da ke cikin salula: da sunan wa yake?



Yau zancen asusun salula za mu yi. Kun tuna yadda ake wuni a layi gaban ofishin SONABEL a nan Wagadugu don biyan kuɗin wuta? Yanzu Hajiya tana zaune kan tabarma, tuwo bisa murhu, ta danna *144# ta sayi wutar Cash Power, lambobin su shigo mata ta saƙo. Ruwan ONEA ma haka. Ba takardar da ta cika, ba wanda ya ce ta kawo mai tsaya mata. Lambar wayarta ita ce asusunta, ko Orange Money ne, ko Moov Money, ko Wave.

Abin da ya fi burge ni shi ne shaida. Duk jikkar da ta fita, saƙo na nan da rana da awa da lambar wanda ya karɓa. Alhaji, in ka tura wa abokin cinikinka na kasuwar Rood Woko kuɗin kaya, gobe ya ce bai gani ba, babu rantse-rantse, ka buɗe waya kawai. Amma wasunku da saƙo ya shigo sai su goge, wai waya ta cika. Haba! Hotunan biki ɗari uku ba su cika ta ba sai rasit?

Yadda na'urorin kamfanonin ke ajiye lissafin nan can ciki, wannan aikin masu kwamfuta ne. Mu dai mun ga yana tafiya.

To ga inda nake so ku kasa kunne. Tunda layi shi ne asusu, wanda aka yi rajistar layin da sunansa shi ne mai kuɗin a idon kamfani. Da yawa cikin iyayenmu mata, da katin shaida na CNIB na ɗa ko na maƙwabci aka saya musu layi. Ran da waya ta faɗi a kasuwa, Inna ta je a dawo mata da lambarta, sai a ce mai katin ya zo da kansa. Shi kuwa yana Abijan, ko an yi faɗa ba a ga maciji. Kayan aro ba ya rufe katara. Tun 2023 gwamnati ta taƙaita layi biyu ga kowane mutum a kamfani guda, don haka yaron da ya ara miki suna, wata rana zai buƙaci gurbinsa.

Lambar sirri kuma, na faɗa har na gaji: kada ku karanta wa mai shago ya danna muku, kada ku ba wanda ya kira ya ce daga kamfani yake.

Amma dai layin nan, layin nan. Gobe da safe ku ɗauki katinku ku je ofishin kamfanin, ku tambaya da sunan wa yake. In ba naku ba ne, ku tafi tare da mai sunan a canza tun ana shiri.