Rufin Asiri da Rufa wa Azzalumi
Wa'azin dare na goma sha biyu ga Ramalana

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu wannan dare. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa masu saurare a ƙasar Agye, da Gazawa, da Gidan Rumji, Allah Ya karɓi azuminmu. Muna tsare harshe daga giba a watan nan, madalla. Sai dai Shaiɗan ya shigo wa wasu ta wannan ƙofa. Mutum ya ji kukan marayan maƙwabta kullum dare, ko ya ga almajiri da shatar bulala har ta ruɓe, ko tsohuwa da aka kulle ba ci ba sha don an ce mayya ce, sai ya ce: "Ina azumi, ba ni tona asirin kowa." Wannan jahilci ne.

Malamai sun bambance. Wanda ya yi saɓo tsakaninsa da Ubangijinsa, a suturta shi, a yi masa nasiha. Wanda kuwa yake cutar da mai rauni, rufa masa taimako ne a kan zalunci. Imamu Nawawi, a cikin Riyadus Salihin, ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, daga ciki har da kai ƙara ga mai iko da neman taimako don kawar da ɓarna. Annabi kuma, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya koya mana cewa taimakon azzalumi shi ne a riƙe hannunsa.

To, idan yaro ko yarinya suka kawo maka kuka, me za ka yi? Da farko ka saurara, kada ka tsawata, kada ka doke shi, kada ka ce ƙarya yake. Kada ka yi masa alkawarin ɓoyewa; ka ce za ka gaya wa wanda zai kare shi kaɗai. Ka raba shi da wurin cutar a daren nan. In fyaɗe ne, a kai yarinya likita kafin awa 72 su cika, domin a cikinsu ne maganin kariya daga cutar sida yake aiki, kuma kada a wanke tufafinta, shaida ne. Sannan a sanar da mai gari ko kwamitin kare yara na gari, wanda gwamnati ta kafa da dokar 2019, a kai ga jandarma ko ƴan sanda, su kuma su kai gaban alƙali.

Ka faɗi abin da idonka ya gani da abin da kunnenka ya ji, kada ka ƙara, domin ƙazafi babban zunubi ne. Kada ka baza a majalisa ko WhatsApp. Mutuncin yarinyar amana ne. Kada ku tara matasa da sanduna. Hukunci na hukuma ne. Ku kuma dattawa, ku ji tsoron Allah: kada a kashe magana a zaure da goro da ƴan kuɗi, a ce ai ɗan gida ne, ko a aurar da yarinya ga wanda ya lalata ta. Wanda aka rufa wa yau, gobe gidan wani zai shiga.

Mutanen Gidan Rumji, tun 2019 kuke karɓar baƙin da suka gudo wa ƴan bindiga daga Sakkwato, da Zamfara, da Katsina. Cikinsu akwai zawarawa da marayun da ba su da mai tsaya musu. Ku ne danginsu yanzu. Wanda ya ga ana cin amanarsu ya yi shiru, zai amsa tambaya ranar Lahira.

Ya Allah Ka tsare mana zuriya, Ka ba mu ƙarfin faɗin gaskiya ko a kan ɗan ɗakinmu ne. Allah Ya kai mu gobe lafiya. Wassalamu alaikum wa rahamatullahi.