Gwaiba a Tsakar Gidan Abuja

Wanda ya saba shiga kasuwar 'ya'yan itatuwa ta Zuba ya san ƙamshin nunanniyar gwaiba, tun kafin ido ya gan ta hanci ya riga ya ji.

Baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Asalinta nahiyar Amurka, Turawan Fotugal da Sifaniya suka yaɗa ta a duniya, kuma danginsu ɗaya da kanumfari da bishiyar turare. Ko a tsakiyar hunturu ganyenta kore shar. Sinadarin bitamin C da ke cikinta ya ninka na lemon zaƙi kusan sau huɗu. Iyayenmu mata kan tafasa ganyenta saboda gudawa, ko da yake idan ƙaramin yaro ne, a fara da ruwan gishiri da sukari, a garzaya asibiti.

Abin da ke damuna shi ne sababbin gidajenmu. Ka shiga Lugbe ko Kubwa ko Gwarinpa, za ka tarar an malale tsakar gida da siminti daga ƙofa har katanga, babu ko tafin hannu na ƙasa. Rana ta take, gida ya koma tanda.

Wasu kan ce tsutsa ce ta hana su dasa gwaiba. Ƙuda ne ke huda 'ya'yan ya saka ƙwai. A riƙa tsince waɗanda suka faɗo ana binnewa da zurfi, matsalar za ta ragu sosai.

Magidanta, don Allah kafin magini ya kwaɓa siminti, ku ce ya bar wa gwaiba gurbi ɗaya kusa da famfo. Cikin shekara 2 zuwa 4 yaranku za su fara tsinka.